Mai Karɓar Baƙi A Gidan Tarihi: Akawu Ne Ko Malami?

A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan, a birnin Ikko, akwai wata baƙar mota ƙirar Marsandi wadda har yau ramukan harsasai suke jikinta. A cikinta ne aka kashe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammed, da safiyar Jumma'a ran 13 ga watan Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Ɗalibin da ya sha doguwar tafiya daga Yelwa ko Wara ko Shanga domin ya ga wannan mota da idonsa, mutumin da zai fara tararwa shi ne ma'aikacin da ke zaune a bakin ƙofa, mai yanka tikiti da karɓar jaka. Shin me ya wajaba wannan ma'aikaci ya sani game da abin da ke ajiye a bayansa?

Akwai masu ganin cewa ba a bukatar ya san kome in ban da lissafin kuɗi da rubuta rasit da sakin fuska, domin bayani aikin ɗan jagora ne. Wannan ra'ayi yana iya zama daidai a wuri irin gidan tarihin motoci na kamfanin Mercedes-Benz da aka buɗe a Stuttgart ta ƙasar Jamus a 2006, inda aka jera motoci fiye da 160, kowace da allon bayaninta, ga kuma na'urar da baƙo zai sa a kunne ta yi masa jawabi. Amma a ƙasar nan, musamman a ƙananan gidajen tarihi, sau da yawa mutumin ƙofa shi ne ɗan jagora, shi ne kuma allon bayanin. Idan aka sauke yara hamsin daga mota, aka ba su sa'a ɗaya tak, to abin da ya faɗa musu da shi za su koma gida.

Ba wai ana so ya zama bakanike ba ne. Babu laifi idan bai san ƙarfin injin motar ko yawan man da take sha ba, don kuwa ba wannan ne ya kawo yawancin baƙi ba. Abin da ba za a yafe masa ba shi ne rashin sanin dalilin da ya sa aka ajiye motar. Alal misali, a gidan tarihi na Henry Ford da ke kusa da Detroit a Amurka akwai motar Lincoln wadda a cikinta aka harbe Shugaba John Kennedy a Dallas ran 22 ga watan Nuwamba, 1963. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan wannan rana ya san motar buɗaɗɗiya ce, amma da ya shiga sai ya tarar da mota mai rufi. Dalili shi ne bayan kisan an sāke ƙera ta, an sa mata sulke da rufi, an yi mata baƙin fenti, ta kuma ci gaba da aiki a fadar shugaban ƙasa har 1977. Ma'aikacin da bai san wannan ɗan bayani ba zai bar baƙo ya tafi da zaton an nuna masa jabu.

Haka abin yake game da motar Janar Murtala. Yaro zai tambaya yaya aka yi harsashi ya ratsa motar shugaban ƙasa, kuma ina masu gadinsa. Kamata ya yi mai karɓar baƙi ya iya cewa motar ba ta da sulke, kuma marigayin ba ya tafiya da ayarin rakiya, ya san cewa dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa ya rasu tare da shi, kuma Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ne ya jagoranci yunƙurin juyin mulkin. Idan har ya ji cewa baƙin nasa daga Yauri suke, ya ƙara musu da cewa kwana goma kafin rasuwarsa Murtala ya mai da jihohin ƙasar nan 19, aka raba Jihar Arewa Maso Yamma gida biyu, Yauri ta zauna cikin Jihar Sakkwato har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, to ya yi aikin da ya cancanci albashinsa. Duk wannan bai wuce abin da mutum zai haddace cikin mako guda ba.

Akwai kuma wani ilmi da ya fi wannan wuyar koyarwa, wato mutum ya san iyakar saninsa. Ma'aikacin da ya ce bai sani ba, ya kira jami'in da ya sani, bai cuci kowa ba. Wanda ke da hatsari shi ne mai kunyar faɗin haka, sai ya yi shaci-faɗi, ɗalibi ya rubuta a littafinsa, gobe ya zuba a takardar jarrabawa.

Haƙiƙa laifin ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne. Tun 1963 aka fara horas da ma'aikatan gidajen tarihi a Jos da taimakon hukumar UNESCO, kuma tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Sai dai a al'adar aikin gwamnati kwas rabon manya ne, kujerar bakin ƙofa kuwa ta wanda ya fi kowa ƙarancin matakin albashi ce, wani lokaci ma ta wanda aka rasa inda za a kai shi. Ya kamata a juya wannan tsari. Kada a ɗora kowa a wannan kujera sai ya zaga gidan tare da jami'in adana kaya, an kuma jarraba shi, sannan a sa wannan cikin sharuɗɗan ƙarin girmansa.

Wannan magana ta shafi Jihar Kebbi kai tsaye, wadda take da gidan tarihi na Kanta a Argungu tun 1958. A ƙasar Yauri kuwa abin hawan da ya ɗauki tarihi shi ne jirgin ruwa. Ta ruwa Mungo Park ya ratsa Yauri kafin ya halaka a Bussa a 1806, nan kuma Richard Lander da ƙanensa John suka zo neman takardunsa a 1830. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tayar da mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawan da ruwa ya cinye gungunansu. Jiragen da ake tsere da su a bikin Rigata gādon wannan rayuwa ne, kuma duk inda aka ajiye irinsu domin baƙi, za a tambayi na bakin ƙofa da wane itace aka sassaƙa su, su wa suka tuƙa su, daga wane gungu suka fito.

Amsoshin suna bakin dattawan Yauri da Ngaski da Shanga. Saboda haka ya dace ma'aikatar da ke kula da al'adu ta jihar, tare da Masarautar Yauri, su tura matasan ma'aikata su zauna da waɗannan dattawa su ɗauki bayanansu tun yanzu, domin yaron da yake da shekara 15 sa'ad da ruwan Kainji ya taso, yau ya haura 70.