Kafin Ka Ruga Wurin Mai Gyara

Abin da nake so in yi magana a kansa a mujallarmu ta bana shi ne kwamfuta, da irin asarar da mutane ke yi saboda rashin sanin abin da suka mallaka. Ra'ayina kuwa shi ne, duk wanda ya sayi kwamfuta ya kamata ya koyi gano ciwonta da kansa kafin ya ruga wurin mai gyara. Ba da ka na faɗi haka ba, abin da ya faru a gidanmu ne ya koya mini.

Yayana yana karatun zanen gine-gine a wata kwalejin kimiyya da fasaha. Aikinsu ba ya yiwuwa da ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka irin wadda ake buga wasiƙa da ita. Sai babba, wadda aka ƙera musamman domin injiniyoyi da masu zane, kamar su HP ZBook da Dell Precision da Lenovo ThinkPad P. Ban da ƙwaƙwalwar lissafi da kowace kwamfuta ke da ita, irin waɗannan suna da wata ƙwaƙwalwa ta biyu wadda ke sarrafa zane. Saboda haka suna da nauyi, suna cin wuta, suna kuma yin zafi. Cajar ƙaramar kwamfuta ba ta cika wuce wat 45 ko 65 ba, amma tasu takan kai wat 150 har zuwa 230. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, don haka Baba ya sayar da raguna biyu da buhunan gyaɗa, aka sayo wa Yaya ta hannu.

Da muka koma gida hutun Disamba, lokacin hunturu ya kankama, sai na tarar da Yaya cikin damuwa. Saura mako biyu ya miƙa babban zanensa, ga shi kwamfutar ta fara wani hali. Da ya buɗe zanen a AutoCAD sai fankarta ta kama ruri kamar injin niƙa, aiki ya riƙa jan ƙafa, can kuma sai ta mutu ɗif. Ya kai ta wurin wani mai gyara, shi kuwa ko buɗe ta bai yi ba ya ce babban allon cikinta ne ya ƙone, sai an sake wani. Kuɗin da ya yanka ya kusa rabin kuɗin kwamfutar. Da aka gaya wa Baba bai ce uffan ba, amma ni na san babu sauran ragon sayarwa.

Nan na tuna da ƙa'idoji uku da malaminmu na kwamfuta ya koya mana. Na farko, ka tsirar da aikinka. Na biyu, ka lura da lokacin da ciwon ke tashi. Na uku, ka fara da abu mai araha, kuma kada ka taɓa abu biyu lokaci guda. Na ce, "Yaya, don Allah ka bari mu gwada." Ya ce, "Kai yaro, me ka sani?" Amma da yake ba shi da wata dabara, sai ya yarda.

Muka kwafe zanensa a filash tukuna. Sa'an nan muka lura cewa in rubutu ake yi, kwamfutar takan yini lafiya, sai an ɗora mata aiki mai nauyi take mutuwa. To, allon da ya ƙone yaya zai yini yana aiki? Na kara hannuna a kafar da iska ke fita, na ji ƙarar fanka ta yi yawa, iskar kuwa 'yar kaɗan. Ga shi kuma kullum a kan katifa Yaya yake aiki, katifar ta toshe kafofin ƙasa. Ashe in zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya doshi digiri 100, ita da kanta take rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Watau ba mutuwa take yi ba, gudun mutuwa take yi.

Manyan kamfanonin nan suna sa littafin gyaran kwamfutocinsu a intanet kyauta. Muka samo nata, muka kashe ta, muka zare caja, muka kwance murfin ƙasa, muka cire wayar batir. Sai ga ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Muka share da burushi mai laushi. Washegari muka kai ta wurin wani mai gyaran, muka ce man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen da ke janye zafi muke so a sake, don yakan bushe in ya daɗe. Ya sake shi a kan kuɗi ƙalilan. Yaya ya miƙa zanensa a kan lokaci.

Na san wasu iyaye za su ce, ai yaro in ya buɗe sai ya ɓata. Suna da gaskiyarsu, shi ya sa abin yake da iyaka. In kwamfuta tana da garanti, a mayar wa mai ita. In batir ya kumbura har murfi ya ɗaga, kada a danna shi, kada a huda shi, domin yana iya kama wuta. Aikin da ya shafi narka dalma a kan allo kuwa na gwanaye ne. Ban ce a guji masu gyara ba, akwai masu amana da yawa a cikinsu. Amma majiyyacin da ya san inda ke masa ciwo ya fi saurin samun magani.

Iyayenmu, in za ku saya ta hannu, ku duba abu uku. Ku karanta wat ɗin da ke jikin caja, domin ƙaramar caja takan sa babbar kwamfuta ta yi sanyin aiki, batir ma ya riƙa raguwa alhali tana jone. Ku duba lafiyar batir. Ku kuma tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin tun ran 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, sabuwar kuwa, in ƙwaƙwalwar Intel ce, tana neman zubi na 8 ko sama da haka.

A ƙarshe ina roƙon hukumar makarantarmu. Akwai matattun kwamfutoci jibge a sito, ƙura na cin su. Me zai hana a ba mu su mu riƙa kwancewa muna ɗaurawa a gaban Malam ran Asabar? Wadda ta riga ta mutu ai ba ma iya kashe ta, wataƙila ma mu tashi ɗaya ko biyu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.