Shawara Ce Ko Umarni?

A makon jiya wata tsohuwar ɗalibata, wadda yanzu take koyar da Turanci a wata sakandare a Safana, ta aiko mini da saƙo. Ta ce, "Malam, yarana masu shirin zana WAEC sun tsare ni a kan kalmar 'suggest'. Na ce musu ma'anarta ba da shawara, sai ga shi mun ci karo da jimlar da shawara ba ta shiga cikinta ko ta halin ƙaƙa. A taimaka mini." Na yi niyyar ba ta amsa a layi biyu, amma da na zauna sai na ga al'amarin ya fi ƙarfin saƙon waya, domin ni kaina kalmar nan ta taɓa ba ni kunya a bainar jama'a a garinmu Batsari. Saboda haka filin namu na yau na kalma ɗaya ne. Masu jiran siyasa su yi haƙuri, ko da yake za su tarar ba mu yi nisa da ita ba.

Asalin kalmar Latin ne, harshen Rumawan da. An haɗa ta daga guntaye biyu: "sub", wato ƙarƙashi, da "gerere", wato ɗauka ko kawowa. Idan aka haɗa su, ma'anar ita ce kawo abu ta ƙarƙashi, a turo wa mutum shi ba ta gabansa ba. Sunan aikin, wato "suggestion", shi ya fara shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14, kuma a wancan zamani ba kalmar arziki ba ce. Malaman coci suna amfani da ita ne wajen bayanin yadda Shaiɗan yake jefa wa mutum mugun tunani a zuciya. Da a lokacin aka ce in fassara ta da Hausa, da "waswasi" zan ce, ba tare da wata tantama ba. Fi'ilin kansa ya bayyana a ƙarni na 16, kuma ya daɗe yana ɗauke da warin zuga da yaudara kafin ya yi wanka ya zama kalmar da ake rubutawa a jikin akwatin ƙorafi na ofisoshi.

To, dubi tamu kalmar. "Shawara" daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da "shura", wadda sura ta 42 a Alƙur'ani mai girma take ɗauke da sunanta. Masana lugga sun danganta wannan tushe da ɗebo zuma daga cikin amya. Wanda ya nemi shawararka ya zo ne ya ɗebi abin da ke cikinka. Shi ya sa Bahaushe yake cewa "a zauna a yi shawara", "na kai masa shawara", "mun yanke shawara". Aiki ne na mutum biyu ko fiye, a fili, kowa na kallon fuskar kowa. Kalmar Bature kuwa ta mutum ɗaya ce: ya ajiye maka tunani a gefenka, ya ja da baya, idan ka ɗauka kai ka ɗauka. Tun daga tushe, ke nan, kalmomin biyu ba su zauna a tabarma ɗaya ba, ƙamus ne kawai ya ɗaura musu aure.

Ga abin da ya shafi jarrabawa, ba shi da yawa. Kada yaro ya rubuta "he suggested me to go", kuskure ne da ya zama ruwan dare a takardun yaranmu, kuma daga Hausa suke ɗauko shi, daga "ya ba ni shawara in tafi". Abin da Turanci ya yarda da shi shi ne "he suggested that I go", ko a ƙara "should" kafin fi'ilin, ko kuma "he suggested going". Wannan haddacewa kawai yake bukata.

Jimlar da ta rikita ɗaliban Safana ta wani fanni ce daban. A cikinta ba mutum ne yake aikin ba, rahoto ne ko wata alama. Idan jaridar Turanci ta rubuta "reports suggest", ba shawara rahotanni suka bayar ba, nuni suka yi. Fassararta ita ce "rahotanni na nuni da cewa", ko "alamu na nuna". Na sha gani a shafukan intanet da ke zuba labari cikin na'urar fassara su kwashe shi ɗanye, ana cewa wai rahotanni sun ba da shawarar an kashe mutum kaza. Wannan abin dariya ne, kuma mai karatu yakan gane shirme ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na mai fassarar da ya iya Hausa sarai, amma ya ga "na nuni" ba ta da armashi, sai ya mayar da ita "sun tabbatar". Mu da muka ga ranaku irin na watan Fabrairun 2020, lokacin da aka afka wa Tsauwa da Dankar aka kashe mutum 30 kamar yadda 'yan sanda suka faɗa, mun san abin da ke tsakanin kalmomin nan biyu. Ɗan garin da ke neman abinci a Kano ko Legas, wanda ya kira gida waya ba ta shiga ba, da kalma ɗaya a shafin Facebook yake yanke hukuncin ko ya ci gaba da addu'a ko ya fara karɓar gaisuwa.

Fuska ta uku ita ce wadda ta kayar da ni. Gab da daminar 2021 aka roƙe ni in yi tafinta a wani taro da wata ƙungiyar agaji ta kira a Batsari, na manoman ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, waɗanda da yawansu sun riga sun yi hijira zuwa cikin gari. Jami'in da ya zo mutumin kirki ne, ba ya jin Hausa. Ya ce, "We suggest" kada kowa ya noma gonakin da ke nesa da gari a bana. Ni kuma ban ko tsaya tunani ba na ce, "Suna ba ku shawara kada ku je gonakin nesa."

Wani dattijo daga baya ya ɗaga sandarsa. Ya ce, "Malam, tambaye shi, shawara ce ko umarni?" Na ce, "Baba, shawara ce." Ya ce, "To in shawara ce, yaushe aka tambaye mu? Ni ban ji an ce mi muka gani ba. In kuwa umarni ne, wanda ya hana ni noma shi zai ciyar da ɗiyana, sai ya faɗi buhu nawa zai ba ni."

Wurin ya yi tsit. Na juya wa jami'in maganar, ya yi murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci, ya ce ai su ba su da ikon hana kowa, tunani ne kawai suka kawo. Gaskiya ya faɗa. Amma ni da nake tsaye a tsakiya na san yadda talaka yake jin maganar wanda ya zo da mota da takarda da alƙawarin tallafi: duk abin da ya fito daga bakinsa doka ce, musamman ga wanda ke fatan a sa sunansa a jerin masu karɓa. Dattijon nan bai taɓa shiga aji ba, amma ya kamo abin da ni malamin Turanci na yi shekaru ina tsallakewa. Kalmar tana ba mai faɗinta damar ya juya ka ba tare da ya ɗauki nauyinka ba. Idan ka bi ka ji yunwa, ai bai tilasta ka ba. Idan ka ƙi aka sace ka a gona, ai ya faɗa maka.

Turawa kansu sun san wannan fuska. Idan shugaban ma'aikata ya dubi ƙaramin ma'aikaci ya ce "I suggest you leave", babu wanda zai tsaya muhawara, kora ce aka naɗe cikin ladabi. Mu ma muna da irinta, kamar uba ya ce wa ɗansa "da dai ka haƙura da tafiyar nan". Sai dai a gidanmu uban da ya faɗi haka shi ne zai ɗauki abin da ya biyo baya.

'Yan watanni bayan taron nan muka ga yadda umarni na gaskiya yake. Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta hana sayar da fetur a jarka da cinikin dabbobi a kasuwannin yankinmu, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Mun sha wuya, sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya kira ɗan'uwansa. Amma ko ba komai mun san wanda ya yanke hukuncin, kuma mun san ƙofar da za mu kai kuka. Haka sulhun 2019, gwamna da kansa ya taka ya zauna da mutanen daji, kuma da abin ya rushe a 2020 shi ya fito ya ce ya janye.

Sulhun da aka fara a Batsari a farkon 2025, wanda daga baya ya kai Jibiya da Safana da Danmusa, a nan ne tambayar dattijon take dawo mini. Gwamnatin Dikko Umaru Radda ta sha nanata cewa ita ba ta sulhu da 'yan bindiga, al'ummomi ne suka ga dama suka yi. Ban raina sauƙin da aka samu ba, duk wanda ya ga manomi ya koma gonar rogonsa ba zai raina ba. Abin da nake so a rubuta a ajiye tun yanzu shi ne: wa ya kawo tunanin, wa aka tambaya, wa ya amince, kuma idan wani ɓangare ya saɓa alƙawari, wa zai tsaya ya ce nauyin a wuyansa yake? Kada ranar da abu ya ɓaci kowa ya noƙe, a bar mai unguwa da limami su kaɗai a fili.

Ga ɗalibata ta Safana: ki ce wa yaranki, duk inda suka ga kalmar, su fara duba wanda ya faɗe ta. In aboki ne, su rubuta "ya kawo shawara". In rahoto ne ko bincike, "yana nuni". In kuwa mai iko ne yake magana da na ƙasa da shi, su karanta jimlar da ke biye kafin su zaɓi fassara. Dattijon nan kuwa na sake ganinsa a kasuwa bayan kaka. Ya noma rabin gonarsa, ɓangaren da ke kusa da hanya, ya bar sauran ta zama saura. Na tambaye shi ko shawarar baƙon ya bi. Ya ce a'a, shi da 'yan'uwansa suka zauna suka yi tasu.