A Rubuta wa Kowane Makunni Sunansa

A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa. Abin alfahari ne. Sai dai a ƙirar jirgin gida akwai wani ɗan aiki da ake rainawa, wato liƙa wa kowane makunni da ma'aunin da ke gaban matuƙi sunansa.

Ranar 12 ga Oktoba 1997 mawaƙin Amurka John Denver ya faɗa teku a Kalifoniya cikin irin wannan jirgi, ya rasu. Wani ya ƙera, shi saye ya yi. Masu bincike sun tarar makullin sauya tankin mai yana bayan kafaɗarsa ta hagu, babu rubutu a kansa, ma'aunin man ma babu alama. Maƙeri ya san kayansa, magaji bai sani ba.

To, mu nan Duwala ba ma ƙera jirgi. Amma daga New Bell zuwa Grand Hangar, injin niƙa da janareta nawa yaranmu ke tayarwa da ka, in maigida ya fita? Rubutun biro kuwa ba ya jure ruwa da gumin garin nan. A buga da inji, manyan baƙaƙe, Hausa da Faransanci: KUNNA, KASHE, MAI. A rufe da salatif. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa.