Kama Haya Daga Nesa: Ina Masaukin Baƙo Ya Shiga?

Yau maganar haya zan yi, kuma na san wasu a cikinmu ba za su ji daɗinta ba, musamman waɗanda suka mayar da nema wa baƙo ɗaki hanyar cin abinci.

Da wuya mako ya wuce ba a bugo min waya daga gida ba. Wani an yi masa canjin wurin aiki zuwa Ikko, wani ya samu gurbin karatu, wani kuma zai ɗauko iyali. Maganar ɗaya ce: don Allah a samo min ciki da falo kafin in iso. Wasu ma ba sa jiran amsa. Sai su shiga Facebook ko wani zauren WhatsApp, su ga hoton gida mai tayil da sabon fenti, dillali ya ce mutum uku na kan layi, a turo kafin alƙalami yau ko a rasa. Mutum yana zaune a Kano ko Gusau ya tura kuɗin da ya yi shekara yana tarawa, a kan ɗakin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ranar da ya sauka da kaya sai ya tarar lambar a kashe, ko ya tarar da wasu mutum biyu a bakin ƙofa, kowa riƙe da rasit na ɗakin nan guda.

Ko da gidan na gaske ne, hoto ba ya nuna abin da ke kashe mutum a Ikko. Ba ya nuna cewa idan ruwan Yuni da Yuli ya sauka layin yana zama kogi. Ba ya nuna bashin wuta da tsohon ɗan haya ya gudu ya bari. Ba ya gaya maka cewa ɗakin Ikorodu mai araha, idan a Apapa kake aiki, kafin asuba za ka riƙa fita, gosulo ya cinye ranarka, kuɗin mota ya cinye rarar. Sannan akwai wadda ba mu son faɗa a fili: wasu masu gidaje da sun ji sunanka, ko sun ga hula a kanka, sai ɗakin ya zama an riga an kama. Dillali ya san halin maigidan sarai, amma ba zai faɗa ba sai kuɗinka sun shiga aljihunsa.

Ga kuma lissafin da ba a gaya wa na nesa: bayan kuɗin haya akwai la'adar dillali, akwai kuɗin lauya na yarjejeniya, kowanne yawanci kashi 10 cikin 100 ko fiye, akwai kuɗin ajiya na ko-da-ka-ɓata, har ganin gidan ma sai ka biya. A 2011 Gwamna Fashola ya sa hannu kan dokar haya da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da wurare irin su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja. To amma wanda bai san hanyar kotu ba, kuma iyalinsa na cikin mota a hanya, da wa zai tsaya gardamar doka?

Duk wannan ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. Dillalin gari sana'arsa yake yi, bai ce shi ɗan uwanka ne ba. Namu nake magana a kai.

Jama'a, mu ba baƙin wannan matsala ba ne, kakanninmu sun warware ta tun kafin a san wayar hannu. Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta. Fataken goro da na shanu idan sun iso, wurin maigida suke sauka. Shi zai ba baƙo makwanci da abinci, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillalin da ke ƙarƙashinsa, in an ci bashi shi ne mai lamuni. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna a unguwar ya rubuta littafi sukutum kan wannan tsari a 1969. Haka abin yake a Agege da Shagamu. Maigida ba don Allah kaɗai yake yi ba, yana samun la'adarsa, amma mutuncinsa shi ne jarinsa. Ya cuci baƙo ɗaya, labari ya riga jirgin ƙasa isa Kano.

Yau fa? Yau ɗan uwanka ne, mai yi maka magana da harshenka, mai kiranka Alhaji yana rantsuwa, zai je wurin dillalin gari ya karɓo farashi, ya ɗora nasa a kai, ya ce maka da ƙyar ya roƙa aka rage. Ka yarda da shi don garinku ɗaya. Idan asiri ya tonu aka kai magana gaban manya, sai ka ji an ce a yi haƙuri, a rufa asiri, kar 'yan gari su yi mana dariya. Haƙurin nan kullum wanda aka cuta ake ba. Shi kuwa mai cutar gobe yana sahun gaba a masallaci, jibi ya samu sabon baƙo.

Ƙungiyoyinmu kuma, Allah ya kyauta. Kuɗin wata-wata ba ya wuce mu. Akwai na naɗin sarauta, akwai na kalanda mai hotunan shugabanni, akwai na tarbar ɗan siyasa idan zaɓe ya ƙarato. Amma ɗaki biyu kacal da baƙo zai sauka na mako biyu ya nemi haya da idonsa, wannan ya gagare mu.

Na san abin da za a ce: Ikko ta yi tsada, yanzu ba zamanin goro ba ne. Ai ban ce kyauta ba. Baƙo ya biya na mako, zai fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan otal ko asarar kuɗin shekara. Za a kuma ce tsaro, ba a san wanda za a saukar ba. Maigidan da ma ba ya saukar da mutum sai ya ji wa ya aiko shi. Yanzu da ga lambar NIN, ga waya da za a kira mai unguwarsu a tabbatar, shi ne za mu ce ba za mu iya ba? Kuma maganar tsaron ita ce ma babbar hujjata. Wanda ya ga Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, ya san cewa wane layi za ka zauna ba ƙaramar tambaya ba ce. Wannan ba dillalin intanet zai gaya wa baƙo ba, sai mu da muka kwana muka tashi a nan.

Kafin mu farka, ga abin da nake gaya wa duk wanda ya bugo. Ka zo kai kaɗai, ka bar iyali tukuna. Ka raɓa wurin wani ko da tabarma ce. Ka je gidan da safe, ka koma da dare, in da hali bayan an yi ruwa. Ka tambayi maƙwabta. Ka ga maigidan ido da ido, ya san ko kai wane ne, kuɗin su shiga asusu mai sunansa, rasit ya fito daga hannunsa.

Maganar masauki kuwa zan tayar da ita a taronmu na ƙarshen wata, kuma zan nemi ma'aji ya karanto mana nawa kalandar bara ta ci.