Ra'ayinmu: In Ɗanka Ya Ce Babu Lahira, Me Za Ka Ce Masa?



Akwai wata magana da ta shigo gidajenmu wadda ba a cika ɗaga ta a majami'a ba, sai dai a yi ta ƙus-ƙus bayan an tashi sujada. An sayar da masara da rake an tura yaro karatu Zariya ko Kaduna, ya dawo hutu ya daina zuwa sujada. In an matsa masa sai ya ce shi bai ga shaidar akwai Allah ba, wanda ya mutu kuwa ya tafi ke nan, babu sama babu wuta. Masu faɗin haka a fili ba su da yawa. Masu tunaninsa a zuci, waɗanda ke zaune a benci suna raira waƙa tare da mu, Allah kaɗai ya san yawansu.

Wannan tambaya ta same mu ba shiri. Mun saba tattaunawa da maƙwabtanmu Musulmi, amma da mu da su mun yarda akwai Mahalicci, akwai ranar shari'a. Bambancinmu a kan wane ne Yesu yake. Kakanninmu da suka bi iskoki su ma ba su taɓa cewa babu Allah ba, ganinsa suke yi yana nesa. Saboda haka dattijon da ya shekara arba'in yana amsa tambaya kan Ɗan Allah, ranar da jikansa ya ce masa shi Allahn ma ina yake, sai bakinsa ya mutu. In baki ya mutu kuwa, sau da yawa fushi ne ke karɓar magana. Wani ya ce an yi wa yaron asiri, wani ya ce aljani ne a kira taron addu'a a ɗaure shi, wani uban ya ce ko ya koma sujada ko ya bar masa gida.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, a cikin dukan mutanen ƙasar nan, mu Masihiyawa ne ya fi kamata mu ƙi wannan hanya. Dalili kuwa yana cikin tarihinmu.

Da yawanku kun ji labarin Mubarak Bala, ɗan Kano, wanda ya fito fili ya ce ya bar addini gaba ɗaya. A 2014 danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali na asibiti saboda wannan magana. Ranar 28 ga Afrilu 2020 aka kama shi a Kaduna kan abin da ya rubuta a Facebook, aka wuce da shi Kano. Ranar 5 ga Afrilu 2022 wata babbar kotu a Kano ta yanke masa ɗaurin shekara 24, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 5, daga baya aka sake shi. Ba mu goyi bayan a zagi addinin kowa ba, kuma muna gargaɗin matasanmu su kiyaye bakinsu da wayoyinsu, gama zaman lafiya da maƙwabta ba abin wasa ba ne. Amma akwai masu bi da suka ɗaga kafaɗa suka ce ai wanda ya ƙi Allah, duk abin da ya same shi shi ya ja. Mako biyar kacal bayan wannan hukunci, ranar 12 ga Mayu 2022, aka kashe Deborah Samuel a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato. A cikin watan aka kama Rhoda Jatau a Jihar Bauchi saboda ta tura saƙon da ke la'antar kisan, ta yi sama da shekara a tsare kafin a ba da belinta, sai a Disamba 2024 kotu ta wanke ta. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin tunani da lamiri da addini har da canza shi, shi ne muke ɗagawa duk lokacin da aka hana mu fili na gina majami'a. Inuwar nan guda ce. Ba za mu shiga ƙarƙashinta mu ce marar bangaskiya ya tsaya a rana ba.

A koma baya kaɗan. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, cikin ƙarni na 19, an kashe Malam Ibrahim a Kano saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watse, waɗansu wajen Ningi, waɗansu cikin ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka je wurin Likita Mila a Zariya suna neman ƙarin bayani kan Isan nan. Tambaya ce ta kai su. Haka kuma iyayenmu da suka bar tsafi suka karɓi baftisma, da yawansu an hana su gado, an raba su da mata, an ce sun zubar da mutuncin gida. Mutanen da aka kori iyayensu saboda sun bi abin da lamirinsu ya gaya musu, yaya za su juya su kori 'ya'yansu don sun yi tambaya?

To, barin kora kaɗai bai isa ba. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 3, ya umarci masu bi su zauna da shirin ba da dalilin begensu ga duk mai tambaya, cikin tawali'u da ladabi. Dalili aka ce a bayar. Bari mu ɗauki abin da yaran nan ke faɗi.

Suna cewa addini gado ne, kuma namu Turawa ne suka kawo. Labarin Isawa ya riga ya amsa rabin wannan, domin sun fara neman Isa tun kafin wani Bature mai bishara ya zauna a ƙasar Hausa. Kuma in bin Turawa ne laifin, to su duba da kyau wa suke bi yanzu. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kashi 46 cikin ɗari ne suka ce su Kirista ne, kashi 37 suka ce ba su da addini. Daga can littattafai da bidiyon rashin bangaskiya da yawa ke fitowa. Inda magana ta fito ba shi ke nuna gaskiyarta ko ƙaryarta ba, wannan ya shafe mu ya kuma shafe su.

Suna cewa addini kasuwa ne. Nan kam sai mu sunkuyar da kai mu saurara. Yaron da ya ga mai wa'azi yana sayar da mai da ruwa a kwalba, ya ga an yi wa gwauruwa alkawarin ninki ɗari in ta ba da akuyarta ɗaya, ya ga dattawa sun shekara suna rigima kan kuɗin baiko da kujerar shugabanci, ba ƙarya ya yi ba in ya faɗa. Dattijon da ya musa abin da kowa ya gani da ido, ya zubar da sauran maganarsa. Gara a ce masa haka ne, abin kunya ne, Ubangiji da kansa ya kifar da teburan masu canjin kuɗi a Haikali.

Akwai kuma amsa ɗaya da muke roƙo a daina bayarwa, wato cewa duk wanda bai yarda da Allah ba ɓarawo ne ko mazinaci. Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai ɓoye rashin bangaskiyarsa ba har ya mutu a 1994, kuma ƙasar nan ta shaide shi da riƙon gaskiya fiye da masu riƙe da Littafi da yawa. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, in mutum ƙura ce kawai da ta haɗu bisa tsautsayi, me ya sa zuciyar marar bangaskiya ke tafasa in ya ga an zalunci talaka? Daga ina ma'aunin nan ya zo, har yake ganin dole kowa ya bi shi? Suna da amsoshinsu, za su ce zaman tare ne ya koya wa ɗan Adam haka. Sai a tambaye su ko zalunci zai zama daidai ranar da jama'a duka suka yarda da shi. A nan ne hira take fara daɗi, in an bar ta ta kai nan.

Tambaya mafi wuya ita ce ta wahala: in Allah mai ƙauna ne mai iko, don me jariri ke mutuwa da zazzaɓi, don me 'yan bindiga ke ɗaukar mai addu'a su bar mugu? Kada wani ya yi gaggawar amsa wannan. Ba mu buƙatar zuwa nesa kafin mu same ta, tana nan Gimi, a ƙasar Makarfi. Bayan Isawan nan sun sadu da Likita Mila, aka kafa musu ƙauyen Kirista a Gimi, wani mai bishara baƙar fata daga tsibiran West Indies, W. A. Thompson, yana lura da su. Mutane ne da suka daɗe suna jira, suka sami abin da suke nema, suka gina gidaje suka share gonaki. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu ya kashe da yawa, sauran suka tashi. Marar bangaskiya zai ce ga shi nan, sun bi Allah bai cece su ba. Mu kuma za mu iya cewa daga cikin waɗanda suka tsira da 'ya'yansu aka sami tushen jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma a 1929, da makaranta da asibiti. Gaskiya ne, amma kada mu mai da shi lissafin riba, kamar wanda zai ce wa uwar da ta binne 'ya'ya uku a Gimi ai an sami asibiti. Abokan Ayuba sun yi irin wannan bayani mai tsari, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi daidai game da shi ba. Abin da muke da shi shi ne Allahn da muke bi bai tsaya daga nesa yana kallon wahala ba, ya shiga cikinta har kabari. Kuma in babu tashin matattu, mutanen Gimi sun yi hasara ke nan har abada, babu wanda zai biya su, haka duk wanda aka kashe bisa zalunci ba a kama mai kisan ba. Marar bangaskiya mai gaskiya zai yarda cewa haka ra'ayinsa ya nuna. Cire Allah bai rage kabari ko ɗaya ba.

Sai dai son abu ya zama gaskiya ba ya mai da shi gaskiya, su ma za su faɗa mana haka, kuma daidai ne. Shi ya sa Manzo Bulus bai kafa begen lahira a kan jin daɗin zuciya ba. A 1 Korantiyawa sura 15 ya jingina kome a kan abu ɗaya da ya ce ya faru a tarihi, har ya yarda cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azin da bangaskiyar duka wofi ne. Ya lissafa waɗanda suka gan shi, ya ambaci sama da mutum 500 a lokaci guda, ya ce yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutu, wajen shekara ashirin da 'yan kai bayan giciye. Wato a je a tambaye su. Ga almajiran da suka gudu daren da aka kama shi, ga su kuma bayan 'yan makonni suna wa'azi a birnin da aka kashe shi. Ga Yakubu ɗan'uwansa da bai gaskata da shi ba a da, ga Bulus kansa mai tsananta wa ikilisiya. Me ya juya su? Wannan ce tambayar da ya kamata mu ajiye gaban yaronmu mai digiri, mu bar shi ya yi kokawa da ita. Manomin rake ya san ana yanka kara a binne shi ya tsiro, misali ne mai kyau a wa'azin jana'iza, amma misali ba hujja ba ne, yaron kuwa ya sani.

Kada kuma mu sa rai kowace hira za ta ƙare da durƙuso. Da Bulus ya yi magana da masanan Atina, a Ayyukan Manzanni sura 17, yana kaiwa kan tashin matattu waɗansu suka yi masa ba'a, waɗansu suka ce sai wani jiƙon, kaɗan suka ba da gaskiya. Bai zage su ba. Toma ya yi mako guda yana cewa sai ya gani, kuma duk makon nan yana cikin 'yan'uwa, ba wanda ya rufe masa ƙofa.

Saboda haka muna roƙon majalisun dattawa na ECWA, HEKAN, Baptist, Angilika, Katolika da sauran ikilisiyoyin yankinmu su ɗauki wannan batu a zamansu na gaba. A keɓe yamma ɗaya a lokacin hutun ɗalibai, wadda matashi zai yi kowace tambaya ba tare da an kai sunansa gaban kwamitin horo ba. Wanda ke jin kunya ya rubuta a takarda ba suna. A nemo malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su zauna tare da fasto, domin tambayar kimiyya ba a amsa ta da tsawa. In an yi tambayar da ba mai amsa, a ce za a bincika, a kuma bincika. Iyaye mata, ku da yaran nan suka fi buɗe wa ciki, kada ku ɓoye don gudun surutun zumunta. Uban da ɗansa ya daina zuwa sujada kuwa, a ci gaba da zuba wa yaron tuwo, a kuma biya masa kuɗin makarantar zango mai zuwa.