Kafin a Kawo Masana'antar Taki Arewa, a Yi Maganar Bututu

Sanin kowa ne cewa takin yuriya da manomin gero da dawa yake saya a Kajiji, cikin ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, daga Kudu ake yo dakonsa: daga Indorama a Jihar Ribas, ko masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a 2022. Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614, 'yan bokonmu suke kiran a kafa irin waɗannan masana'antu a Arewa. Ina tare da su, amma akwai batun da ya kamata mu riƙa haɗawa da wannan kira.

Daga amoniya ake yin yuriya, ita kuwa amoniya ana samar da ita ne ta haɗa iskar haidurojin da ta naitirojin cikin zafin digiri 400 zuwa 500, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 100. A wannan hali haidurojin yana kutsawa cikin jikin ƙarfe, ya haɗu da kabon ɗin da ke ba ƙarfen ƙwari, su zama iskar mitan. Mitan ba ta da hanyar fita, sai ta taru ta riƙa tsattsaga ƙarfen daga ciki, kamar yadda gara take cinye azara alhali bayanta lafiya lau. Carl Bosch ya yi fama da wannan matsala kafin ya buɗe masana'antar amoniya ta farko a Oppau, ƙasar Jamus, a 1913.

Har yau matsalar tana kisa. Ranar 2 ga Afrilun 2010 wata na'ura ta fashe a matatar mai ta Tesoro da ke Jihar Washinton a Amurka, ma'aikata 7 suka rasu. Rahoton hukumar bincike na 2014 ya nuna haidurojin ne ya ci ƙarfen, kuma a yanayin da ma'aunin masana'antar ya ɗauka babu hatsari.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi damuna shi ne wannan ɓarna ba ta da suna a Hausa. Tsatsa muka sani, ita kuwa ido yana ganinta. Mai walda ko leburan da aka ce wa ya lura da tsatsa zai dubi bututu mai sheƙi ya rantse lafiyarsa ƙalau. Umarnin kariya da aka manna da Turanci kaɗai, ga mutumin da Hausa ce harshen aikinsa, ado ne kawai a bango.

Saboda haka ina kira ga gwamnoninmu da 'yan majalisa su gindaya sharuɗɗa tun kafin a ba da fili: a yi bututun da ƙarfen da aka gauraya da kuromiyam da molibdenam, a riƙa auna cikinsa da na'ura a kan kari, masu binciken kada su zama 'yan amshin shatan kamfani, sannan a koyar da ma'aikata da maƙwabta cikin harshensu. Sassan Hausa da na injiniya a jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano su zauna tare su samar da kalmomin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kiyashe mu, amin.