Robar Hanci Ba Alamar Mutuwa Ba Ce

A hunturun bara muka tafi wani babban asibiti gaida mahaifin wani yaronmu na aji biyar, dattijo manomi wanda ciwon huhu ya kama. Muka iske shi jingine a gado, an sa masa wata roba mai kauri a hanci, iska tana huci a ciki kamar zugazugin maƙeri. Matarsa tana bakin ƙofa tana kuka. Muka ce, "Mama, me likita ya faɗa?" Ta ce likita bai ce kome ba tukuna, amma ita ta sani duk wanda aka sa wa iska, tasa ta ƙare. Har ta roƙi babban ɗanta ya cire robar su koma gida, gara ya cika a ɗakinsa. Ɗan ya ƙi. Bayan kwana shida nas ta cire robar da kanta, dattijon kuwa ya yi noman damina.

Ba mu ga laifin Mama ba. A da oksijin ba shi da yawa a asibitocinmu, ba a kawo shi sai ga wanda ya kai gargara, mutane kuma ba su zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Saboda haka jama'a suka haɗa robar hanci da makoki. Amma jinkiri ne ya kashe waɗancan, ba iskar ba.

Bari mu bayyana abin da muka gani. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. Sa'ad da huhu ya kumbura ko ya cika da majina, wannan kaɗan ɗin ba ya isa cikin jini. Siririyar robar da muka saba gani takan ba babba lita 1 zuwa 6 a minti guda. Ba a wuce haka sosai, gama iskar tukunya busasshiya ce mai sanyi, tana busar da hanci har ya yi jini. Mai haki kuwa yakan zuƙi iska da sauri fiye da abin da robar take bayarwa, sai ya cike sauran da iskar ɗaki, oksijin ya tsinke kamar kunun da aka yi wa ruwa.

Na'urar da aka sa wa dattijon nan dabam ce. Tana gauraya oksijin da iskar ɗaki daidai yadda likita ya so, ta ɗumama ta zuwa zafin jiki, watau digiri 37, ta jiƙa ta da tururi, kāna ta tura har lita 60 a minti. Tun da iskar tana da ɗumi da laima, hanci yana iya jurewa, majina kuma ta yi laushi ta fita da tari. Ƙarfin gudunta yana share tsohuwar iskar da ta maƙale a hanci da maƙogwaro, yana kuma ɗan tokare huhu kada ya rufe. Abin da ya fi burge mu shi ne bakin mutum a buɗe yake. Dattijon ya amsa gaisuwarmu, ya sha kunu, har ya yi mana faɗa don ba mu zo da wuri ba. Irin wadda aka fi gani sunanta Airvo, a ƙasar Niyu Zilan ake ƙera ta, kuma annobar korona ta 2020 ce ta sa asibitoci da yawa suka neme ta.

An gwada ta a kan jarirai ma. A 2018 likitocin Ostareliya da Niyu Zilan suka buga sakamakon gwaji a kan jarirai 1,472 masu sarƙewar numfashi. Cikin waɗanda aka ba oksijin ta hanyar da aka saba, kashi 23 cikin 100 sai da aka ƙara musu jinya mai tsanani. Cikin waɗanda aka sa wa wannan na'ura, kashi 12 ne. Amma kwanakin da suka yi a asibiti duk ɗaya ne. Na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta. Riƙe mutum take yi har magani ya yi aikinsa, wani lokaci kuma ba ta isa, sai an kai shi ga injin numfashi.

Tana da tsada kuwa. Babbar tukunya tana ɗauke da wajen lita 6,800. Ku yi lissafin da yaran aji biyar: idan aka buɗe oksijin zalla a lita 60, ba za ta kai awa biyu ba. Ga shi kuma in wuta ta ɗauke, na'urar ta tsaya. Don haka kada ku yi fushi idan asibitin garinku ba shi da ita. Yawancin masu ciwon huhu siririyar roba ta ishe su, muddin an kawo su da wuri.

To, yaushe ne da wuri? Ku buɗe ƙirjin yaro yana kwance shiru, ku ƙirga numfashinsa minti guda da agogo. In ya kai 60 ga wanda bai cika wata biyu ba, ko 50 ga ɗan wata biyu zuwa shekara guda, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ku kama hanya a ranar. A asibiti za su maƙala masa ɗan awo a yatsa. In ya nuna ƙasa da 90, yana bukatar oksijin.

Kalma guda ga masu zuwa dubiya, musamman zumuntar mata da matasa. Kada kowa ya taɓa maɓallin na'ura ko ya zare robar don mai ciwo ya sami bakin amsa addu'a. Yana iya amsawa da ita a hancinsa. Kada a kunna ashana, fitila ko taba kusa da gadon, kada kuma a shafa masa basilin a hanci, gama oksijin yana rura wuta. In kun ga ruwan kwalbar na'urar ya kusa ƙarewa, ko mai ciwo ya soma gyangyaɗi yana ruɗewa, ku kira nas nan da nan.